Tayoyin da Aka Ajiye wa Mai Jego

Wagini, Batsari
7 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Naja'atu da yara, da aiki, da ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. An gama noman fari, gero ya kama ƙasa da kyau. Maiɗakina Inno tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Kada ka tsaya tunanin wanda ya rubuta mini wannan takarda. Ni ne da hannuna, Daudu, wanda kakarsa da kakar mahaifinka suka sha nono ɗaya a Zakka. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan Magariba, wajen Malam Yasir, ni da furfurata a kan bencin 'yan firamare. Da waya zan buga maka, amma tun farkon damina tsawa ta faɗa wa eriyar garinmu, har yau ba a gyara ba. Na ce hakan ma ya yi, don labarin nan ya fi ƙarfin a faɗe shi a iska ya wuce. Abdulhakim mai motar wake shi zai kawo maka.

Jamalu, 'yata Zuwairatu ta haihu! Namiji ne, ƙato, ga gashi cunkus. Shekara goma da aure ba ko ɓatan wata, ita kaɗai kuma Allah ya bar mana, sai ga shi yau ni ne kaka. Tun cikin yana wata bakwai mijinta Salmanu ya kawo ta gida daga Tsaskiya, a nan ta sauka. Jiya aka yi suna, aka sa masa Sadiƙu, sunan mahaifinka, Allah ya jiƙansa. To ka ji, ka yi sabon uba. Ni kuwa na yi abokin gaba, don Inno ta ce ta yi sabon miji mai jini a jika, ni in naɗe tabarmata in koma zaure. Na ce mata mijin da ba shi da haƙori ko ɗaya, mu gani ko zai iya noma ta ci. Jiya na sa masa ɗan yatsa a hannu ya damƙe, wallahi sai da na ce a zo a raba mu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ran goma ga Agusta mai jego za ta gama wanka a mai da ita ɗakinta. Ba za a ɗora mini jika a babur ba. A motar nan za a kai su, wadda Alhaji mahaifinka ya bar mini lokacin da ya daina tuƙi. Sagiru ɗan ƙanena yana nan yana jan ta ran kasuwa, injinta lafiya lau, tayoyinta ne dai suka suɗe sumul kamar bayan ƙwarya.

Ka tuna sababbin tayoyi huɗu da Alhaji ya kawo mini ranar auren Zuwairatu? Ya sauke su a ƙofar gida yana dariya, ya ce, "Daudu, ka ɓoye waɗannan, ranar da za a mai da mai jego ka sa." Jamalu, suna nan. Ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Sagiru ya roƙe ni ya fi a ƙirga, har da turo mini liman, na hana. Kuma ban yi musu riƙon banza ba. Kowace shekara in an gama girbi sai in fito da su, in samo baƙin mai wajen masu injin niƙa, in shafe su ciki da waje yadda nake yi wa guga da linzami don kada su bushe. Sa'an nan in ɗora su a kan kwano su sha rana kwana uku, man ya ratsa su sosai. In ka gan su sai ka rantse jiya aka yi su, baƙi wuluk, suna sheƙi.

Ka yi shekaru kana jan motar kamfani, kai ne masani. Abin da nake so ka gaya mini ɗaya ne: a sa su tun yanzu su saba da hanya, ko a bari sai ana gobe tafiya?

A gaida Naja'atu da kyau.

Babanka,
Daudu

*

Fatakwal
14 ga Yuli

Zuwa ga Baba Daudu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inno. Mu ma lafiya muke. Barka, Baba, barka! Allah ya raya Babana, ya yi masa albarka, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Da na karanta sunan da aka sa masa sai da na juya wa mutanen tasha baya na ɗan lokaci. Rubutunka kuma, Baba, ya fi na wasu magatakardan ofishinmu kyau. Naja'atu ta ba da turmin atamfa da sabulu, suna wajen Abdulhakim.

A kan murfin mota nake rubutun nan, Abdulhakim ya riga ya tayar da inji yana danna mini oda, ni ma an tura ni Kalaba yanzu. Saboda haka ka gafarce ni, zan taƙaita.

Baba, don girman Allah kada a sa tayoyin nan a motar, ko yanzu ko ranar tafiya. Na gaya wa Abdulhakim in ya iso ya kwashe su daga gidan gaba ɗaya, kada a bar ko ɗaya. Wannan harka ce ta waɗanda suka san mota, ka bar mini ita a hannuna. In na dawo zan rubuto cikakken bayani.

A shafa mini kan Babana.

Ɗanka,
Jamaluddeen

*

Wagini
21 ga Yuli

Zuwa ga Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna lafiya. Mai jego tana shan kunun kanwa, yaro yana ta girma. Atamfa da sabulu sun iso, an gode, Allah ya saka.

Takardarka ta zo. Na karanta ta sau uku. Na ce ko karatuna ne ya gaza, tun da karatun tsufa ne, sai na kai wa Malam Yasir. Ya duba ya ce, "Malam Daudu, abin da ka karanta shi ne a rubuce." To, shi ke nan.

Abdulhakim ya zo ƙofar gida ya ce an aiko shi ɗaukar kaya. Na ba shi fura ya sha, na tambaye shi hanya, na raka shi bakin motarsa. Bai tafi da komai ba.

Jamalu, tayoyin nan mahaifinka ne ya ba ni da hannunsa, da rana tsaka, a gaban mutanen ɗaurin aure. Waɗanda suka gani wasu suna da rai. Lokacin da aka raba gadonsa a Zakka ina zaune, ba wanda ya ambace su. In kuwa daga baya kun duba kun ga suna cikin hakkinku, ba direban wake ake aikowa ba. Akwai manya a dangi, a turo ɗaya ya zauna da ni, in na ji hujja ni da kaina zan ɗauko su a ka in kai Zakka. Ban taɓa cin abin maraya ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Ka ce harka ce ta waɗanda suka san mota. Gaskiya ne, ni jaki na sani. Amma na san riƙon amana. Shekara goma ina shafa musu mai, duk shekara Inno tana cewa, "Malam, ka ba Sagiru ya sa mana, mi kake jira?" Ni kuwa na san abin da nake jira, ita ma ta sani, ba ma dai faɗa ne. Akwai shekarun da nake shafa man nan ina jin kunyar kaina, kada maƙwabta su ce tsoho ya zare. Yanzu da ranar ta zo, sai a ce a kwashe?

Ran goma ga Agusta da su za a tafi Tsaskiya, in Allah ya kai mu. Alkawari ne tsakanina da wanda ba ya nan. In an dawo, a cire a kawo maka.

A gaida iyali.

Daudu Wagini

*

Fatakwal
29 ga Yuli

Zuwa ga Babana Daudu,

Assalamu alaikum. Ina durƙushe ina gaishe ka, ina gaida Inno da mai jego da Babana ƙarami. Muna lafiya, sai dai ni tun da na karanta takardarka abinci bai yi mini daɗi ba. Na nemi wayar Sagiru ta ƙi shiga. Naja'atu ta karanta abin da ka rubuto, ta sa na maimaita mata abin da ni na rubuta, ta ce, "Kai ma dai, haka ake yi wa babba magana? Kamar kana aiken yaron mota." Ta yi gaskiya. Ka yafe mini, Baba. Wallahi gado bai zo mini a rai ba. Tayoyin naka ne, da ma motar. Tsoro ne ya sa na yi gaggawa, don na san in suna gidan, ranar nan sai ka sa su.

Baba, taya ba fata ba ce. Fata in ta sha mai sai ta yi laushi ta daɗe. Roba kuwa baƙin mai cinye ta yake yi, rana kuma ta gasa ta. Ko ba mai ba rana, taya tana tsufa a ajiye kamar yadda take tsufa a hanya. A kamfaninmu in ta shekara shida ana cire ta, ko zanenta bai taɓu ba. Na taɓa ganin abin da idona. Wani abokin aikina ya sa wata da ta daɗe a sito, kyakkyawa da ita, muna bayansa a kan kwalta da azahar ta tarwatse kamar an harba bindiga. Allah ya kiyaye, shi kaɗai ne a motar, daji ya shiga. Da na karanta cewa ka shekara goma kana shafa musu mai kana shanyawa, Zuwairatu na gani a kujerar baya da jariri a cinya.

Ba na so ka yarda don ni na faɗa. Ka duba da kanka. Ka ɗauko ɗaya ka wanke ta da ruwa da sabulu har man ya fita, ka bari ta bushe a inuwa, sa'an nan ka danna gefenta da gwiwa ka sa ido. Bayan haka ka bi rubutun da ke gefen, za ka ga haruffa uku, DOT, a ƙarshen layinsu kuma lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wannan ita ce takardar haihuwarta. In ka duba ka ga lafiya, ka sa, ba zan ƙara cewa komai ba.

In kuwa ka ga abin da nake tsoro, to kai za ka zaɓo wasu, ba Sagiru ba, don shi duk wadda ta yi masa sheƙi ɗauka zai yi. Girmansu ya zama daidai da lambar da ke jikin waɗanda ke motar yanzu, ka kwafe ta a takarda. Haihuwarsu kada ta wuce bara. Akwai wata doguwar kalma a gefe, TEMPERATURE, da harafi ɗaya a gabanta. Ita ce ke faɗin juriyar zafi. A muke so. B a lallaɓa, C kuwa ka ajiye masa abarsa, ba ta kwaltarmu ba ce. Kusa da ita akwai TRACTION, wato yadda take kama jiƙaƙƙiyar hanya in an taka birki, nan ma A, in an sami AA ya fi. Ka kuma dubi zanen. Ka nemi mai manyan kwatoci da suka zagaye ta, masu zurfi, da ƙanana da ke fita gefe. Aikinsu irin na kwatar gida ne, su ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. In babu su, mota kan ruwa take hawa, sitiyari ya zama ado.

Za su nuna maka na gwanjo masu zane rututu, su ce na Turai ne. Ka duba, in ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗan fure a cikinsa, ta ƙasar ƙanƙara ce. Robarta laushi gare ta don sanyi aka yi ta, a zafinmu sai ta yi lagwab ta cinye da wuri, birkinta kuma ya yi tsawo.

Na ƙarshe, iska. Direbobinmu in sun ga rana sai su rage, wai kada taya ta fashe. Ragewar ce ke sa ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. A auna da safe kafin mota ta motsa, a sa abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kada a rage ko kaɗan.

Abin da za a buƙata na ba Abdulhakim. Kada ka ce a'a, ba kai na ba ba. Tsakanina da Babana ne, ɗa ne ya yi wa ubansa takalmi.

Motar Abdulhakim tana gareji, ya ce sai jibi zai taso. Ina roƙon Allah takardar nan ta riga ranar tafiya isowa.

Ɗanka mai neman gafara,
Jamaluddeen

*

Wagini
7 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Jamalu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya ƙalau. Gero ya fara ciki, wake yana yaɗo. Ubanka ya fara bin mutum da ido, jiya kuma ya yi mini fitsari a babbar rigata ta Juma'a, Inno ta ce gargaɗi ne.

Takardarka ta iso ran Lahadi, a ranar da na riga na ce wa Sagiru ya zo da jak ɗin ɗaga mota a sa tayoyin. Da na ga shiru kwana goma sha huɗu na ɗauka ka yi fushi ka share ni. Na karanta a zaure, na ce wa Sagiru ya koma, sai na neme shi.

Na ɗauko ɗaya na kai bayan rumbu inda ba mai gani. Na wanke, ruwa ya yi baƙi, na zubar na sake, har sau huɗu. Da ta bushe sai ta koma toka-toka. Na ɗora gwiwa na danna. Jamalu, ka san faso a dugadugan manomi? Haka gefenta ya buɗe, layi-layi, wani har farcena yana shiga. Man ne ya rufe su shekara da shekaru. Na nemi lambar na samu, ɗaya takwas ɗaya uku. Mako na goma sha takwas, shekara ta goma sha uku. Ashe ma ta shekara a shago kafin Alhaji ya saya. Na daɗe zaune a wurin har Inno ta leƙo ta ce, "Malam, ko ta yi maka magana ne?" Na ce ta yi.

Duk da haka zuciya ba ta saki ba. Na ce wataƙila wannan ce kaɗai. Ran Litinin na sa Sagiru ya ɗauki mafi kyawunsu muka kai wa mai faci a Batsari. Ya ɗora ta a ƙarfe ya fara ba ta iska. Ba ta kai cika ba sai ga ƙululu ya taso a gefe kamar ƙwan zabo, yana girma muna kallo. Mai faci ya kashe inji ya ja da baya, ya ce, "Baba, in kana da wanda kuke gaba da shi, ba shi wannan kyauta." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ɗana, ni ne babba, amma ni na yi maka mummunan zato, har na sa maganar gado a takarda. Ka yaga ta. Ka gaya wa Naja'atu ta yi maka faɗa rabi, ta ajiye mini rabi.

A Batsari ba mu sami yadda ka ce ba, jiya muka shiga Katsina. Shagon farko mai shi ya mirgino mana wasu huɗu, zane kamar haƙoran zarto. Sagiru har ya fara shafa su yana cewa, "Baffa, waɗannan ko kan dutse sai su hau." Na ce to bari mu ga dutsen. Na sa tabarau na durƙusa, sai ga shi kuwa, mai kai uku, da furensa. Na ce, "Ɗan nan, wannan ta garin ƙanƙara ce." Ya ce, "Alhaji, ai ita ce mai kyau, sanyi gare ta, ba ta ɗaukar zafi." Na ce, "Kai in aka sa maka rigar sanyi a watan bazara, sanyi kake ji?" Maƙwabcinsa ya fashe da dariya, ya ce, "Yau ka haɗu da tsohon injiniya." Ban gyara masa ba.

Sai a shago na huɗu muka dace. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da takardarka a hannu. Girma daidai. Zafi A, kamun ruwa A. Kwatoci huɗu, na sa tsinken ashana a ciki kansa ya nutse. Uku haihuwar bana ce, ta huɗun da ya haɗo mini na duba na ga ta shekara uku, na ce ya canza. Ya ce, "Baba, ai duk uwarsu ɗaya." Na ce uwa ɗaya, amma wannan yayarsu ce, ƙanwar nake so. Ya shiga ciki yana gunaguni ya fito da ita. An sa su a take, muka dawo. Sagiru ya ce motar ta daina yi masa gardama a kwana.

Na Alhaji kuwa ba za su tashi a banza ba. Inno ta karɓi biyu za a yanka mata komin awaki. Ɗaya na ba mai takalma ya yanka mana, ƙafa biyu, ni da kai, ka aiko mini da awon ƙafarka a tsinke. Ta huɗun na mayar inda take. Ba don komai ba, na saba ganinta.

Saura kwana uku. An yi dakan gara, an soya nama, gidan nan ba wurin sa ƙafa.

Babanka,
Daudu

*

Wagini
10 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Jamalu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Amsarka ba ta zo ba tukuna, ban kuma jira ta ba, don in ban yi rubutu yanzu ba ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Azahar ta wuce, ina zaune a zaure.

Sun tafi da hantsi, ba da ni ba. Tun asuba na yi wanka na sa riga da hula, na fito na buɗe gaban mota. Sai ƙanwata Rahma, wadda ita ce jagorar masu rakiya, ta riƙe ƙofar ta ce, "Yaya, ina zuwa?" Na ce Tsaskiya. Ta ce, "A ina ka taɓa ganin uba ya kai 'yarsa ɗakin miji? So kake surukai su yi mana waƙa?" Na ce ba 'ya zan raka ba, tayoyi zan raka. Matan suka yi ta shewa. Inno ta ce, "Sauko, Malam, ni da na haife ta ma ga ni a tsaye." Na sauko. Na san al'adar sarai, murna ce ta mantar da ni.

Abu ɗaya dai na tsaya a kansa. Sagiru ya dubi sama ya ce yau za a yi rana, bari ya ɗan sassauta iska. Har ya tsuguna da tsinke. Na ce in ya taɓa bakin tayar nan, shi da motar har abada. Na aro abin awo tun jiya wajen mai faci, muka auna huɗun a gabana, muka gwada da lambar jikin ƙofa. Na ce masa kuma in ruwa ya sauko ya tafi kamar mai ɗauke da ƙwai. Zuwairatu ta durƙusa ta yi mini sallama tana kuka, na ce ta tashi, Allah ya yi mata albarka. Abokin gabana kuwa ko kallona bai yi ba, barci yake.

An yi ranar kuwa, irin mai sa kwalta ta yi wari. Yanzu kuma hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya nufi wajen Safana. Ba waya balle in tambaya. Inno ta ce ita ba ta damu ba, amma tsakar gidan nan sau uku ke nan tana share ta. Ga ruwan nan ya sauko. Bari in shigar da awaki.

Na dawo. La'asar ta yi, na yi salla, ruwa ya tsagaita. Na je bakin hanya sau biyu. Wani mai babur da ya fito daga Batsari ya ce ruwan can ya fi na nan, ƙoramu duk sun kawo. Da ban tambaye shi ba.

Jamalu, sun dawo! Alhamdulillahi. Rana tana kan itatuwa na ji ƙarar motar tun daga makaranta. Ta sha jar laka har gilashi. Rahma ta fito tana guɗa tun ba ta sauke ƙafa ba.

Ga yadda aka yi. Ruwan ya same su a kan kwalta kafin Safana, irin wanda ba ka ganin gabanka. Suna cikin tafiya sai ga garken shanu ya ɓullo daga gona zai tsallaka, makiyayin yana can baya da malafa a ka. Sagiru ya taka birki. Ya ce shi kansa ya riga ya saki kalmar shahada, don ya san halin motar, da tsofaffin tayoyi ne da ta juya masa baya. Sai ta tsaya cak, a miƙe, saura taku biyu tsakaninta da wani farin bijimi. Bijimin ya dube su ya wuce. Rahma ta ce abin da ya lalace kawai ƙwaryar nakiya ce da ta zame daga cinyarta. Daga Safana suka hau burji, laka har rabin taya, suka bi a hankali ba su kafe ko sau ɗaya ba. Mutanen Tsaskiya sun fito tarya cikin yayyafi. Salmanu ya yanka rago. Uwarsa ta karɓi yaron ta ƙi ba kowa. An shigar da Zuwairatu ɗakinta lafiya, ita da ɗanta, ko atishawa bai yi ba.

Na zagaya motar na dafa kowace taya. Da ɗumi kaɗan, kamar goshin mai lafiya.

Sai dai gidan ya yi shiru, Jamalu. Kwana arba'in da biyu na saba da kukan mutumin nan. Na tambayi Rahma yaushe ya dace kaka ya je gani, ta ce in ina da kunya sai bayan wata guda. Na ce to. Amma sababbin tayoyi ne, kai ma ka sani, bai kamata a bar su ba a sake gwada su a hanyar burji ba, kuma wanda ya zaɓo su shi ya kamata ya gwada. Na gaya wa Sagiru ya shirya ran Laraba.

Inno ta ji mu, ta ce ba ni da ta ido, tsofai-tsofai da ni. Ga ta can ta jiƙa geron furar da zan kai.

Babanka,
Daudu